Gado Ba Ya Warkar Da Gadon Baya

A watan Mayun shekarar 1961, Shugaban Amurka John Kennedy ya kai ziyara birnin Ottawa na ƙasar Kanada, aka miƙa masa shebur domin ya dasa itacen tunawa da ziyarar. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasa sau da dama, sai bayansa ya riƙe. Bayan 'yan makonni aka gan shi yana dogara sanduna biyu, har ta kai sai da injin ɗaga ma'aikata aka kai shi ƙofar jirginsa, domin ba ya iya hawa matakala. A lokacin bai wuce shekara 44 a duniya ba.

Ciwon ba baƙo ba ne gare shi. Tun yana ɗalibi a Jami'ar Harvard yake fama da kwankwasonsa, kuma abin ya ƙara tsananta bayan da jirgin ruwan yaƙin Japan ya banke ƙaramin jirgin da yake jagoranta a shekarar 1943. An yi masa tiyata ta farko a 1944, bai ji daɗinta ba. A watan Oktoban 1954 aka sake buɗe bayan, aka sa masa ƙarfe domin a haɗe ƙasusuwan ƙasa wuri ɗaya. Ƙwayoyin cuta suka shiga jikinsa, ya yi doguwar suma, har aka kira limamin cocinsu ya yi masa addu'ar da ake yi wa mai shirin mutuwa. A 1955 aka cire ƙarfen, a 1957 kuma aka sake tsaga wurin aka fitar da mugunya. Daga nan sai ya koma ga allurar kashe zafi da likitarsa Janet Travell ke yi masa a tsoka, wani lokaci fiye da sau ɗaya a yini.

Sauƙin da ya nema shekara da shekaru bai same shi ba sai a ƙarshen 1961, lokacin da aka gayyato wani likita mai suna Hans Kraus daga birnin New York. Kraus ya gwada shi, ya tarar tsokokin cikinsa da na bayansa sun yi rauni ƙwarai. Bai kawo wani sabon magani ba. Abin da ya tsara masa shi ne motsa jiki sau uku a mako, da miƙa gaɓoɓi, da iyo, da tausa, da gashi da ɗumi, aka kuma rage yawan allurai. Ciwon bai ɓace ba, amma ya lafa, ta yadda a bazarar 1963 aka sake ganin Kennedy a filin wasan golf bayan dogon lokaci da dainawa.

Ga mutumin da ba kuɗi ya rasa ba, ba likitoci ya rasa ba, amma wuƙa da allura ba su ba shi abin da motsi ya ba shi ba. Wannan darasi har yanzu bai shiga gidaje da makarantu yadda ya kamata ba. Da zarar an ce wa mutum yana da matsala a ƙashin baya, abin da 'yan uwa ke ce masa shi ne ya kwanta, ya daina ɗaukar komai, ya nemi a ɗauke shi hoto, ya sayi ƙwaya. Nasiha ce ta ƙauna, amma a mafi yawan lokuta ita ke mayar da ciwon mako biyu ya zama na shekara biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu wata larura da ta kai shi hana jama'a aiki da walwala. Kuskuren da ya shafi mutane masu yawa haka ya cancanci a tsaya a duba shi.

Yadda aka gina gadon baya

Abin da ake kira ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka jera ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 manya a kwankwaso, 5 da suka haɗe suka zama ƙashi guda a bayan ƙugu, sai 4 ƙanana a can ƙarshe, daidai inda wutsiya take fitowa a jikin dabba. A tsakanin ƙasusuwan da ke motsi akwai faya-fayan guringuntsi guda 23, kowanne da ɓawo mai tauri a waje da taushi mai ruwa-ruwa a ciki. Aikinsu aikin gammo ne: suna tare nauyi, suna hana ƙashi gogar ƙashi. Ta bayan waɗannan akwai rami dogo wanda laka ke bi daga ƙwaƙwalwa, kuma daga lakar ne jijiyoyi tagwaye 31 ke fita hagu da dama zuwa sassan jiki. Ita lakar takan tsaya a saman kwankwaso. Daga nan zuwa ƙasa tarin jijiyoyi ne ke sauka kamar gashin wutsiyar doki, kuma sunan da likitoci suka ba wurin ke nan.

Akwai wani abu game da faifan guringuntsi da ya kamata kowane ɗalibin ilimin halittu ya riƙe. A jikin baligi, kusan babu hanyar jini da ke shiga cikinsa. Abincinsa yana ratsowa ne daga ƙasusuwan da ke sama da ƙasa da shi, kuma matsawa da sakewa da motsi ke haifarwa na taimaka wa ruwa ya fita ya shiga, kamar soso a cikin kwano. Shi ya sa mutum ya fi tsayi da safe, zuwa dare ya ragu da kimanin santimita ɗaya zuwa biyu, domin nauyin yini ya matse ruwan faya-fayan. Sashen jikin da rayuwarsa ta rataya ga motsi haka ba za a yi masa gata da kwanciya ba.

Larurorin gadon baya iri-iri ne. Wani lokaci ɓawon faifai yakan tsage, taushin ciki ya leƙo ya taɓa jijiya, sai zafi ya bi ɗuwawu ya gangara bayan cinya har zuwa tafin ƙafa, tare da jin kamar ana tsira allura. Wasu likitoci biyu na birnin Boston, William Mixter da Joseph Barr, su ne suka bayyana wannan sosai a 1934. Ga dattawa kuma, ramin da jijiyoyi ke bi yakan ƙuntata, sai mutum ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi in ya yi tafiya, amma da ya zauna ko ya ɗan sunkuya sai ya ji sakayau. Irin wannan mutum yakan iya tuƙa keke nesa alhali tafiyar ƙasa ta gagare shi. Akwai zamewar ƙashi ɗaya a kan na ƙasa da shi. Akwai karkacewar baya da ke bayyana lokacin balaga. Akwai kuma wani nau'in amosani da ke kama matasa, wanda alamarsa ita ce sandarewar baya da asuba, ta fi rabin awa, ta kuma saki in an motsa. Duk da haka, a kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ƙasan baya, likita ba ya iya nuna wuri guda ya ce ga tushen ciwon. In ciwo ya haura wata uku, shi ne ake kira mai naci, kuma a kansa ne wannan magana ta fi ƙarfi.

Asalin al'adar kwanciya

Ba jahilci ne ya kawo ta ba. Daga asibiti ta fito. A 1863 wani likitan fiɗa na birnin Landan, John Hilton, ya wallafa littafi a kan hutu da ciwo, inda ya koyar da cewa hutu shi ne babban maganin sashen jiki mai ciwo. A zamaninsa maganar tana da hujja, domin da yawa daga masu ciwon baya mai tsanani tarin fuka ne ya ci ƙasusuwansu, ga shi kuwa babu maganinsa tukuna. Matsalar ita ce an ɗauki shawarar da ta dace da ƙashin da cuta ta rarake aka ɗora wa kowane baya. Fiye da shekara ɗari ana kwantar da mutane mako ɗaya, mako biyu, har fiye, ba tare da an gwada an ga ko kwanciyar tana amfani ba.

Da aka gwada, sai labari ya sha bamban. A 1986 Richard Deyo da abokan aikinsa a birnin San Antonio na Amurka suka raba masu ciwon baya 203 gida biyu, aka ce wa wasu su kwanta kwana biyu, wasu kwana bakwai. Babu bambanci a warkewarsu, sai dai masu kwana biyu sun fi saurin komawa bakin aiki. A 1995 aka matsa gaba a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, inda aka raba ma'aikata 186 gida uku: masu kwanciyar kwana biyu, masu wasu atisaye na musamman, da waɗanda aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon yadda ciwon ya bari. Na ukun ne suka fi saurin warkewa, masu kwanciya kuwa su ne na baya. Waɗannan gwaje-gwaje a kan sabon ciwo aka yi su, amma in kwanciya ba ta amfani baya a makon farko ba, ina ga wata na shida? A tsakanin waɗannan shekaru, a 1987, likitan ƙashi na ƙasar Sikotilan Gordon Waddell ya fito fili ya ce yadda likitoci ke kula da ciwon baya yana daga cikin abubuwan da ke nakasa mutane.

Abin da gado ke yi wa jiki ma an auna shi. A 1966, a birnin Dallas, aka kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 har mako uku. Ƙarfin zuciyarsu da huhunsu wajen aiki ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan biyar, aka tarar cewa makon nan uku sun fi shekaru talatin na girma rage musu ƙarfi.

Sai kuma batun shi kansa zafin. Ana ɗauka cewa yawan zafi daidai yake da yawan ɓarna, alhali ba haka jiki ke aiki ba. Jijiyoyi saƙo suke kaiwa, laka da ƙwaƙwalwa ne ke yanke hukuncin yadda za a ji shi, kamar yadda Ronald Melzack da Patrick Wall suka fara bayyanawa a 1965. Hujja mafi sauƙi ita ce mutumin da aka yanke wa ƙafa, amma yana jin yatsun ƙafar da babu ita suna yi masa zogi. In ciwo ya daɗe, hanyoyin saƙon sukan zama kamar karen gidan da aka taɓa yi wa sata: ganye ya motsa, sai haushi. Rashin barci da damuwa da tsoro duk suna ƙara masa kunne. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne ko raki. Zafin gaskiya ne, kuma zalunci ne a ce wa mai shi a ransa abin yake. Abin nufi shi ne jin zafi lokacin sunkuyawa ba lallai ne ya zama alamar wani abu yana tsagewa ba. Wanda ya ji tsoro ya daina motsi, tsokarsa za ta yi rauni, ƙaramin aiki ya riƙa yi masa ciwo, tsoron ya ƙaru, a koma gidan jiya.

Hoto da wuƙa da ƙwaya

Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, shi ya sa mai ciwo ke ƙosawa a ɗauke shi hoto. Amma hoton baya yakan nuna abin da ba shi ne damuwar ba. A 1994 Maureen Jensen da abokan aikinta a jihar Kalifoniya suka sa mutum 98 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan a cikin na'urar hoton maganaɗisu da ake kira MRI. Kashi 36 cikin 100 ne kawai aka tarar dukkan faya-fayansu lafiya lau; kashi 52 suna da faifan da ya kumburo, kashi 27 kuma nasu ya leƙo waje. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna alamun tsufan faifai ga kashi 37 na 'yan shekara 20 marasa ciwo, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Ke nan yawancin abin da hoto ke nunawa furfura ce ta cikin jiki. Illar ita ce kalmomin da ke biyo bayan hoton. Magidancin da aka ce wa ƙashinsa ya cinye, ko faifansa ya goce, zai fita daga ɗakin likita yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, ga kuma kuɗin da ya kashe, wanda sau da yawa sai an sayar da dabba ake haɗa shi. Faifai ba ya gocewa ya fita daga mazauninsa, domin a manne yake gam da ƙashin sama da na ƙasa, saboda haka babu maɗorin da zai danna shi ya koma. Abin da ya leƙo ɗin ma, a kusan biyu cikin uku na masu shi, jiki da kansa yake tsotse shi a hankali.

Tiyata tana da wurinta, kuma wanda ya ce ba ta da amfani ya wuce gona da iri. In jijiya ta matsu har ƙafa tana mutuwa, ko ramin jijiyoyi ya ƙuntata har tafiya ta gagara, aikin likitan fiɗa yakan zama rahama. Amma a dubi abin da aka samu a ƙasar Holan a 2007: an raba mutum 283 masu zafin jijiyar ƙafa saboda faifai, aka yi wa wasu tiyata da wuri, wasu aka jinkirta ana kula da su, sai in ta kama dole. Masu tiyata sun fi saurin samun sauƙi, amma da shekara ta zagayo ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki. Ga ciwon da ya tsaya a kwankwaso kaɗai kuwa, ba tare da matsewar jijiya ba, amfanin wuƙa ya fi haka ƙaranci, kuma labarin Kennedy ya isa gargaɗi.

Ƙwaya ce ta fi kusa da hannu, ita ce kuma ta fi haɗari a wannan yanki. Magunguna irin su ibufurofen da daikulofenak suna rage zafi na ɗan lokaci, amma shan su wata da watanni yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda a wasu kantunan magani yakan ƙunshi irin su dekisametazon, wanda daɗewa a kansa ke rarake ƙashi ya kuma tayar da sukari. Garin neman gira a rasa ido. Sai uwa uba taramol. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka kuma wallafa a 2023, a kan mutum 347 masu sabon ciwon baya ko wuya, ya tarar cewa magani dangin ofiyom bai fi ƙwayar da babu komai a cikinta rage zafi ba bayan mako shida. Abin da yake da tabbas a kansa shi ne kama jiki. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, ta shekarar 2018, ta nuna mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Ba duk mashayi ne ya fara don nishaɗi ba. Ɗan dako da ɗan acaɓa da lebura sukan fara ne domin baya ya bar su su nemi na tuwo.

A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko a kan ciwon baya mai naci. Abubuwan da ta amince da su sun haɗa da ilimantar da mai ciwo, da tsararren motsa jiki, da tausa da wasu dabarun masu gashin ƙashi, da shawarwarin masana halayyar ɗan'adam a kan tsoro da damuwa, da magungunan rage kumburi bisa lura. Ta hana dogaro da dangin ofiyom, da jan baya da na'ura, da ɗaura ɗamarar kwankwaso, wato irin wadda Kennedy ya rayu da ita har ranar da aka harbe shi.

Lokacin da jinkiri ke zama ganganci

Duk abin da aka faɗa yana da iyaka, kuma sanin iyakar ya fi komai muhimmanci. Wanda ciwon bayansa ya zo da riƙewar fitsari, ko zubar fitsari da bayan gida ba da saninsa ba, ko mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko raunin ƙafafu mai ƙaruwa, to jijiyoyin wutsiyar dokin nan ne suka matsu, kuma asibiti zai nufa a ranar, domin a nan sa'o'i ake ƙirgawa. Haka wanda ya faɗo daga itace ko babur. Haka mai sikila da bayansa ya tashi da zazzaɓi, da wanda ya taɓa yin ciwon daji.

Sai tarin fuka na ƙashin baya, wanda likita Percivall Pott na Ingila ya bayyana a 1779. A Turai ya yi ƙaranci ƙwarai, amma Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, don haka a nan ba a kore shi da wasa. Alamunsa su ne ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama, daga baya kuma wani ƙullutu ya turo a tsakiyar baya inda ƙashi ya rushe. Mai shi ba lallai ne ya yi tari ba. Sakiya da ƙaho da tsaga ba su kai inda ƙwayar cutar take, kuma kowane wata da aka ɓata yana kusantar da yaro ga ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu. Maganinsa ƙwayoyi ne da ake sha wata shida zuwa shekara guda, ana kuma ba da su kyauta a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959, yana daga cikin wuraren da ake tura masu irin wannan larura.

Zama da ciwon da ya ƙi tafiya

In likita ya kore waɗannan, abin da ya rage aiki ne na yau da gobe, kuma mai ciwon ne shugabansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne na rana mai daɗi: mutum ya tashi ya ji sauƙi, ya yi wanki da shara da daka duk a yini ɗaya, sa'an nan ya kwanta kwana uku. Dabarar ita ce a auna. Wanda tafiyar minti goma sha biyar ke tayar masa da ciwo, ya fara da minti goma, ya yi ta kullum, ranar daɗi da ranar wuya, ya riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu bayan 'yan kwanaki. Ƙaramin zafin da ya lafa kafin wayewar gari ba dalilin dainawa ba ne. A 2024 an wallafa sakamakon wani gwaji a Ostireliya a kan mutum 701 da suka farfaɗo daga ciwon baya: waɗanda aka tsara wa tafiyar ƙasa tare da bayani sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwo mai hana aiki ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Babu wani nau'in motsa jiki da ya tsere wa saura da nisa; tafiya, ko keke, ko iyo, ko atisayen tsokar ciki da mai gashin ƙashi ya koyar, wanda mutum zai iya ɗorewa a kai shi ne nasa. Barci isasshe da barin taba suna taimakawa. Masallaci ma ma'auni ne: shari'a ta yi rangwame ga wanda tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, kuma ranar da ya koma cikakken ruku'u ya san ya ci gaba, ko da zafin bai tafi duka ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan magana ta 'yan ofis ce. Manomin da ya yini a duƙe, da matar da ke ɗebo ruwa daga nesa da goyo a baya, wane motsi kuma za a ƙara musu? Ƙorafin yana da gaskiya. Su matsalarsu ba ƙarancin motsi ba ce, maimaita motsi guda ne na sa'o'i ba hutawa, ga talaucin da ba ya barin a huta. Abin da ya dace da su shi ne sauya aiki da aiki, da miƙewa tsaye lokaci-lokaci, da raba kaya gida biyu, da riƙe nauyi kusa da jiki, da gyara kayan aikin kansu. Jihar Kalifoniya ta hana sa ma'aikatan gona noma da fartanya mai gajeriyar ƙota tun 1975 saboda bayansu. A yankunan jigawa na Nijar kuwa, tun kaka da kakanni ake noma a tsaye da hauya mai doguwar ƙota. Ga fagen bincike nan ga ɗaliban aikin gona da na ƙere-ƙere, wanda ya fi jiran na'urorin da ƙauye ba zai taɓa gani ba.

Makaranta ma tana da nata kason. Ana yawan ɗora laifi a kan jakar littattafai, amma wani nazari na 2018 da ya tattara binciken da aka yi bai sami hujja mai ƙarfi cewa jaka ce ke jawo wa yara ciwon baya ba, kuma ba ita ke karkata ƙashi ba. Haka nan babu wani zama guda da za a ce shi ne daidai. Daɗewa a zama ɗaya ne ke gajiyar da baya. Ɗalibin da likita ya tabbatar yana da larura bai kamata a cire shi daga filin wasa gaba ɗaya a zaunar da shi a gindin bishiya ba, sai dai a zaɓa masa abin da zai iya, a kuma bar shi ya miƙe a bayan aji in zama ya dame shi, ba tare da an kira shi malalaci ba. Bulala a gadon baya da tsallen kwaɗo ba horon da ya dace da shi ba ne. Malamin da ke tsaye a gaban allo yini guda, sa'an nan ya duƙufa a kan takardun jarrabawa har dare, shi ma yana cikin lissafi.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko kwabo. Karkacewar baya tana samun kimanin yara biyu zuwa uku cikin ɗari lokacin balaga, ta fi tsananta ga 'yan mata, kuma sau da yawa ba ta zuwa da ciwo, ga sutura tana ɓoye ta. In yaro ya haɗe ƙafafunsa ya sunkuya gaba, hannuwa a sake, wanda ya tsaya a bayansa zai ga ko haƙarƙarin gefe ɗaya ya fi na ɗayan tudu. Wannan ita ce larurar da rigar gyaran baya ke yi wa amfani na gaske, muddin ƙashi bai gama girma ba: a wani gwaji na 2013 a Amurka da Kanada, kashi 72 na yaran da suka sa ta sun tsira daga kaiwa matakin tiyata, alhali a cikin waɗanda aka zuba wa ido kashi 48 ne. Malamar kula da lafiya a makarantar 'yan mata, ko malamin wasanni a ta maza, zai iya duba aji guda na ƙaramar sakandare a cikin darasi ɗaya, ya rubuta wa iyayen wanda aka ga alama takardar zuwa asibiti kafin hutun zango.